Gyambon Gwaggo Mai Guga

Wata ranar Talata ƙanenta ya fara kawo ta ɗakin da nake wankin ciwo. Shi ya riƙo katin asibiti, shi ya ja mata benci, shi ya durƙusa ya kwance tsumman da ke ɗaure a ƙafarta ta hagu. Mata biyu da ke jiran layi suka yi ta sa masa albarka, ni ma a raina na ce ga ɗan'uwa na gari. Mutum ne mai tsafta, rigarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido. Ya ce Manaja ake ce masa, yana da shagon wanki da guga a gaban gidansa. Wannan kuma yayarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya, tun da mijinta ya rasu take hannunsa. Yaran gida Gwaggo suke ce mata, sunan ya biyo ta har asibiti.

Gyambon yana saman idon sawu ta ciki, faɗinsa kamar bakin kofin shayi. Ba shi da zurfi, amma ruwa yake ta tsatsafowa. Fatar da ke kewaye ta yi baƙi ta yi tauri, ƙwaurin a kumbure, jijiyoyi sun murɗe sun fito a bayan ƙafar. Na ɗora yatsa a kan sawun na ji jini yana bugawa, ƙafar kuma da ɗuminta. Likita ya sa aka gwada suga, ba ta da shi.

Na yi musu bayani yadda nake yi wa kowa. Gyambon ƙafa ba iri ɗaya ba ne. Akwai na mai ciwon suga, a tafin ƙafa yake fitowa, mai shi ya yi ta takawa bai san yana nan ba. Akwai na wanda jini ba ya isa ƙafarsa, a yatsu ko a dunduniya, ƙafar sanyi ƙalau, idan ya ɗaga ta zogi ya ƙaru. Akwai na masu sikila. Nata kuwa jinin yana sauka lafiya lau, komawa sama ce take gagarar sa, sai ya taru a ƙasa ya kumbura ƙafar, fatar ta yi ta shan matsi daga ciki har ta fashe. Maganinsa sananne ne. A wanke, a naɗa bandeji mai matsewa daga yatsu zuwa ƙarƙashin gwiwa, a ɗan riƙa takawa, sauran lokaci a kwanta a ɗora ƙafar a kan matashi. Abu ɗaya da ba ya so shi ne doguwar tsayuwa a wuri guda.

Na tambaye ta ko tana wani aiki na tsayuwa. Ta buɗe baki, shi ya amsa.

"Wane aiki, Malama? Yaya ai hutawa kawai take yi. Ko tsinke ba na bari ta ɗaga."

Ita dai ƙafarta take kallo.

Irin wannan ciwon idan ya sami abin da yake so, cikin sati biyu zuwa uku za ka ga alama. Ruwan zai ragu, jan nama mai kyau ya taso daga ƙasa, sannan wata siririyar fata ta fara rarrafowa daga gefe-gefe. Duk zuwa ina auna shi da ɗan ma'aunina in rubuta a kati. Na Gwaggo kuwa sati huɗu sai ƙara faɗi yake. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne bandejin. Naɗina na san shi, daga gindin yatsu nake farawa, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Amma sai ta dawo da shi sako-sako, an faro daga idon sawu, kuma fes da shi kamar ba a ƙafa mai ruwa ya kwana uku ba.

Manaja ya yi ajiyar zuciya, ya ce dama yana jin nauyin faɗa mini ne. Yaya ce take kwancewa tana susa. Sun yi lallashi, sun yi faɗa, ta ƙi ji. Ranar da matarsa ta rako su, ita ma ta ja ni gefe ta ce in yi haƙuri da halin tsufa, Gwaggo tana son a riƙa tausaya mata ne, tana tsoron idan ƙafar ta warke a daina kula ta. Na taɓa ganin masu irin wannan halin, don haka na yarda. Na juya kan Gwaggo na yi mata faɗa a gaban mutane. Na ce mata fata ita ce rigar da Allah ya ɗinka wa jiki, ita ke tare datti da cuta, duk ranar da ta sa farce a wurin ta rushe aikin sati guda. Na ce idan ba ta son warkewa ta faɗa mini in huta. Ta ce, "To, Malama." Wannan faɗan har yau bai bar ni ba.

Sati na shida suka makara, sai da yamma suka zo. Ƙafar da na saba gani da safe ta ninka, na danna yatsa ramin ya ƙi tashi. Mai kwana da yini da ƙafa a kan matashi ba ta kumbura haka. Sai na fara duba abin da ban duba ba a da. Faratanta a yanke suke ƙwal, kuma babu sawun susa ko ɗaya a fatar da ke kewaye da ciwon. A damtsenta na dama akwai siraran tabon ƙuna, wasu sun tsufa, ɗaya ɗanye. Tafin hannun ya yi kanta. Da na sunkuya kusa da ita, bayan warin ciwon, zanenta ƙamshin sitaci yake da hayaƙin gawayi.

Na nuna ƙunar na tambaya. Manaja ya ce butar shayi ce.

Na ce zan duba ta dubawar mata, ya ba mu wuri. Ya ɗan tsaya kamar zai yi magana, sannan ya fita, amma bai ja ƙofar ta rufe ba, ina hango gefen takalminsa. Na rage murya.

"Gwaggo, tsakaninki da Allah, awa nawa kike tsayawa a rana?"

Ta kalli ƙofa. "Suna ƙoƙari da ni, Malama."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Cina da shana su ne. Ɗakin da nake kwana nasu ne."

Kafin in ƙara wata magana ya ƙwanƙwasa, wai mai mota yana jiran su.

Daga ranar suka ɗauke ƙafa. Zuwa biyu ba su zo ba. A na uku shi kaɗai ya zo, wai in ba shi auduga da bandeji su riƙa yi a gida, hanya tana wahalar da Yaya. Ya zauna ya ce shi fa ya fara tunanin wannan ba ciwon asibiti ba ne. Akwai wani mai wanki a bayan layinsu da ya daɗe yana baƙin ciki da shi, wa ya sani ko wani abu aka binne Yaya ta taka. Sannan ya ɗauki kwalbar ruwan gishirin da nake wanki da shi, ya juya ta yana neman kwanan wata, ya ce ba don komai ba, amma ana ta faɗin magungunan yanzu. Ni ina zargin sa, shi yana zargi na, muka rabu kowa yana murmushi.

Adireshinsu yana kan kati. Ranar Alhamis da na tashi aiki na naɗe fararen kayana guda biyu a leda kamar mai kawo guga, na nufi can. Shago ne mai kyau. Kaya jere a rataye cikin leda, kowace riga da kari kamar wuƙa. Matar Manaja tana zaune a gaban fanka tana danna waya. Da ta gane ni fuskarta ta canza, amma ta yi saurin gyarawa, ta ce lale, Gwaggo tana ciki tana barci. A bayanta akwai labule, daga bayan labulen kuma ina jin dum, dum, ƙarar dutsen guga a kan tebur. Na tambaye ta wane ne. Ta ce wani ma'aikacinsu ne, ba ya son a dame shi. Na ajiye ledar na ɗaga labulen.

Ɗaki ne siriri mai rufin kwano, babu taga, zafi ya buge ni kamar na buɗe tanda. Gwaggo tana tsaye a kan ƙafar dama, ta jingina gwiwar hagu a kan bokiti da aka kife. Dutsen guga ɗaya a hannunta, ɗaya yana jira a kan garwashi. Kaya tuli a gefenta har kusan kafaɗa. Ƙafar babu bandeji. Tsumma aka naɗa, aka zura baƙar leda a kai aka ɗaure da igiya, don kada ruwan ya ɗiga a kayan mutane, kada kuma wari ya fita gaba. Bandejina yana rataye a ƙusa, a wanke, yana jiran ranar asibiti. A lungu kuma, a ƙasa, ga kwanonta da kofinta, an shafa musu jan fenti don kada su haɗu da na mutanen gida.

Matar ta biyo ni tana magana ba tsayawa. Wai Gwaggo ce ba ta iya zama haka nan, ko an hana ta sai ta tashi. Wai ai ni ce da bakina na ce ta riƙa motsa ƙafar. Wai da ita ta karɓe ta, to ƙirjinta ba ya son hayaƙin gawayi. Kwanon kuma saboda yara ne, ba don ƙyama ba. Na ce mata gyambon nan ba a ɗaukar sa, ko da kuwa a kwano ɗaya aka ci. Ta ce ai ba a sani ba. Na ce to hannun da ake gudu a kwano, ba shi ne yake shafa rigunan mutane tun safe ba? Sai ta ɗaga waya ta kira mijinta.

Da ya zo bai ko gaishe ni ba. Ya tambaye ni wa ya ba ni izinin shiga masa gida. Daga baya ya sauko, ya ce in fahimce shi, ɗan lokaci ne kawai, aiki ne ya yi yawa a watan nan. Masu kawo kaya sun saba da hannun Yaya, bare kuwa ba amana, ko ya ƙona ko ya sace. Da zarar ya sami mutumin kirki za ta huta. Na ce ko ƙafafun teburin a rage, ta zauna ta miƙe ƙafar a kan wani abu. Ya ce gugar zaune ba ta fitar da kari.

Duk wannan abin Gwaggo ba ta ajiye dutsen ba. Magana ɗaya ta yi, da ta zo canza garwashi.

"Malama, ɗan matsa, kada toka ta ɓata miki kaya."

Washegari kafin in isa wurin aiki Manaja ya riga ni. Ya kai ƙara wurin shugabarmu cewa na shiga gidansa na ci mutuncin iyalinsa. Aka kira ni aka ja mini kunne, aka ce aikina ya ƙare a bakin ƙofar asibiti. Na faɗa wa likita abin da na gani, ya rubuta a kwantar da Gwaggo a asibiti, takardar ta zauna a cikin kati babu mai karɓa.

Zazzaɓi ne ya kawo ta bayan sati uku. Ƙafar ta yi ja har gwiwa, ga mugunya, tana rawar ɗari. Wannan karon babu gardama, aka ba ta gado. Aka yi mata allurai zazzaɓin ya sauka, aka ɗora ƙafar a kan matashi biyu, ni kuma kullum ina hawa ɗakin mata in wanke in naɗa. Cikin kwana goma kumburin ya sace, ruwan ya ja baya. A sati na uku jan nama ya cika ramin. A na huɗu na kira ta ta leƙo, na nuna mata sabuwar fata siririya tana shigowa daga gefe. Ta daɗe tana kallo.

"Ashe ba ta mutu ba," ta ce.

A wannan gadon ne ta yi mini magana. Shekara tara take guga, daga sallar asuba zuwa faɗuwar rana, in ban da lokacin salla da cin abinci. Ba ta taɓa sa farce a ciwon ba, ko ƙaiƙayi ya dame ta sai dai ta ciji leɓe. Na ba ta haƙuri a kan faɗan da na yi mata. Ta ce ba komai, ai abin da aka faɗa mini na faɗa. Likita ya ce nan da sati biyu za a ɗebo 'yar fata daga cinyarta a rufe sauran wurin, ta koma gida da ƙafarta.

Manaja wanda sati uku bai leƙo ba, sai ga shi sau uku a sati ɗaya. Yakan ja kujera har jikin gado ya yi ƙasa da murya, da na matso sai ya koma zancen jiki da sauƙi. Matar da ke gadon kusa ce ta tsegunta mini. Wai yana cewa kaya sun taru, manyan masu kawo masa aiki sun fara komawa wurin mai wankin bayan layi, idan shagon ya mutu su duka za su rasa wurin zama. Wai kuma ya ji an ce idan aka yanki fatar mutum aka liƙa a wani wuri, ba ya ƙara moruwa.

Ranar Litinin Gwaggo ta ce a sallame ta. Likita ya yi magana, na yi magana. Na ce sati biyu kawai ya rage, na ce idan ta koma ta tsaya, fatar nan da ta gani ba za ta kai Juma'a ba.

"Na sani, Malama."

"To me zai mayar da ke?"

"Idan na warke a nan, ina zan nufa da ƙafar?"

Ni ba ni da wurin da zan sa ta. Ɗakina ɗaya, ni da 'ya'yana. Ta dangwala yatsa a takardar da ke cewa da son ranta ta tafi. Manaja ya riƙe mata jaka, ya tallafe ta har bakin mota, masu jinya suna cewa Allah ya ba mu irinsa.

Wata huɗu ban gan ta ba. Na wuce ta gaban shagon sau biyu, matar tana hango ni ta sauke labulen gaba. Ranar da suka dawo da ita a ɗauke aka shigo da ita. Gyambon ya zagaye ƙafar kamar munduwa, an cusa masa wani baƙin garin magani, ya ci nama ya kai ƙashi. Da na kwance ledar sai da mai shara ta fita waje saboda wari. Aka yi kwana shida ana fama, cutar tana neman shiga jini. A na bakwai aka yanke ƙafar a ƙarƙashin gwiwa. Likita ya ce mini a duk shekarunsa na aiki, wannan ne karo na biyu da irin wannan gyambon ya kai shi ga yanke ƙafa, don ba ciwon da ke cin ƙafa ba ne idan an bar shi ya huta.

A baranda na tarar da dangi sun cika, waɗanda ban taɓa gani ba tsawon jinyar. Manaja yana tsakiyarsu da jajayen idanu, yana ba su labari. Wai tun farko shi bai yarda da bandejin nan ba, matse ƙafar aka yi ta yi har jini ya daina zuwa. Wai kuma ita Yaya ba ta jin magana. Da na zo wucewa suka bi ni da ido har na sha kwana. Babu wanda ya tambaye ni, babu wanda ya tambaye ta.

Wannan shi ne abin da ya sa na zauna na rubuta. Babu wanda ya doki Gwaggo, babu wanda ya zage ta, ba a taɓa hana ta abinci ba. Da za ka tara mutanen layin ka tambaye su, za su rantse ƙanenta ya riƙe ta riƙon amana. Amma a wannan gidan an san abin da ke cin ƙafarta tun ranar farko, a gabansu na faɗa. Sun auna ƙafar da karin riga, suka ga karin ya fi. Sun ɗora laifin a kan farcenta, a kan maƙwabci, a kan kwalbar magani, a kan bandeji, kowa ya sha zargi ban da teburin da ke bayan labule. Kuma gidaje nawa ne ke da irin wannan labulen, da wata gwaggo ko inna a bayansa tana biyan ladan kwana da jikinta, ana ce mata 'yar hutu?

Yanzu ba a hana ni shiga gidan in duba ta. Aikin da ta yi ita kaɗai maza biyu aka ɗauka suna yi, an fito musu da teburin zuwa gaba inda iska take, kowanne da ranar hutunsa. Ita tana ɗakin baya. Dungun ƙafar, wanda ya fi gyambon girma nesa ba kusa ba, ya haɗe tas cikin sati biyar, ko ruwa bai yi ba.

Zuwana na ƙarshe na tarar da Manaja a ƙofa yana yi wa ɗaya daga cikin ma'aikatan faɗa, riga a hannunsa da shatin dutse a ƙirjinta. Da ya gan ni ya washe baki, ya raka ni har ƙofar ɗakinta, abin da bai taɓa yi ba. Gwaggo ta yaye zane ta miƙo mini dungun, ta ce in duba mata da kyau ko ya yi ƙwari. Na duba na ce ya yi. Na tambaye ta me ya sa.

"Manaja ne ya ce ya samo inda ake yin ƙafar roba," ta ce. "Wai mai kyau ce. Wai mutum sai ya yini a tsaye da ita bai ji komai ba."

Na waiga. Yana nan a bakin ƙofa da ƙonanniyar rigar a hannu, yana jiran ya ji abin da zan ce.